Shekarar da Kuɗin Wuri Sunka Kasa Sayen Akuya

Kasuwa ta yi shiru a kunnena. Jikokina dariya sukan yi in na faɗi haka, don su a ganinsu ba a taɓa yin kasuwa mai hayaniya kamar ta yanzu ba. Amma akwai wata ƙara da na tashi da ita wadda ta ɓace, ba wanda ya yi mata ko gaisuwar mutuwa. Ƙarar kuɗin wuri ce, ƙananan ƙwansunan nan na teku da muke ciniki da su kafin kuɗin Nasara su zauna. In mutum ya taso daga Tursa za shi Rabah ranar kasuwa, tun bai hangi rumfuna ba yake jin ta, shaa, shaa, kamar ana rairayar tsakuwa a bakin gulbi. Mai saye ya juye nasa a tabarma, mai sayarwa ya durƙusa yana jan su biyar-biyar da yatsun hannu biyu, bakinsa na motsi, kowa ya yi masa magana sai ya ɗaga kai kawai. Cinikin tunkiya guda yakan ci rabin hantsi. Yanzu kuwa mutum ya sayi sa sukutum, ya zura hannu aljihu ya miƙa takarda, ko kazar da ke kwance kusa da shi ba za ta ɗaga kai ba.

A gidan da anka kai ni aure, dukiya ba ta da suna guda. Hatsi yana rumbu, dami bisa dami. Kantun gishiri yana rataye inda damshi ba ya kai. Sawayen da masaƙa sunka saƙa suna naɗe cikin tukunya an rufe da faifai saboda gara. Awaki suna turke. Wuri kuwa shi ne ɗan aike tsakaninsu: ka ba shi hatsi ya kawo maka gishiri, ka ba shi zare ya kawo maka man shanu. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ba ta yarda wuri ya daɗe a ɗakinta. Da ya taru sai ta mai da shi hatsi. Takan ce ita ba ta taɓa ganin wanda ya dama wuri ya sha ba. Ni lokacin sai in sunkuyar da kai in ce a raina tsufa ne. Aikina kaɗi. Daga an gama dakan safe in ɗauki mazari da alli da sabin auduga, in zauna gindin zana, ɗiyata tana kwance a cinyata, zare na fita tsakanin yatsuna har la'asar.

Ɗiyar nan ita ce ta uku. Biyun farko duk a hannuna sunka cika, ba wanda ya kai yaye. Shi ya sa da anka haife ta tsofaffi sunka yi mata laƙabi Ayashe, wai a nuna ba a damu da ita ba ko ta zauna. Su ne ba su damu ba. Ni in ta yi tari sau ɗaya sai tuwo ya fita raina. In ta yi barci mai nauyi in kara kunne a hancinta. Ina da abu guda da ke kwantar mini da hankali, wata jar akuya da babana ya ba ni ranar da anka kawo ni, mai haihuwar tagwaye, mai nono kamar ƙaramar saniya. Amma ko ita in na dube ta sai gabana ya faɗi, don na riga na koyi cewa duk abin da ke numfashi yana iya kwana bai tashi ba.

Da kaka ta yi a shekarar, sai ɗan saƙon hakimi ya zo ya tara maza a ƙofar maigari. Ya ce daga bana ba a karɓar haraji da wuri, ba a karɓa da hatsi, ba a karɓa da sawaye, sai da ƙarfen Nasara: sule, da kwabo, da anini mai huda a tsakiya. Garinmu kuwa in an tattara sulen da ke ciki ba zai cika tafin hannu ba. Maigidana da wasu samari sunka ɗaure tabarmi sunka nufi kudu wajen Zamfara yin dako, inda anka ce ana biya da ƙarfe. Inna kuma ta tafi Maikujera zaman jegon ɗiyarta. Na ji maganar harajin sarai, amma na ɗauke ta zancen maza. Abin da ni na gani da idona daban ne. Na ga zarena ya yi daraja.

Akwai wani mai sayen zare, Ɗan Mairo, da ke zuwa daga Wurno da jakuna biyu yana tara wa masaƙa. Da, in na miƙa masa zaren mako ta bisa zana, abin da yake zubo mini bai fi cikin ƙoƙo ba, kuma sai mun yi ta ja. A kakar nan sai ya fara cika mini ƙwarya, ba musu, har da gyara. Mako na gaba ƙwarya da rabi. Na ce lalle hannuna ya faɗa, masaƙan Wurno sun gane zaren Tursa. Rannan yana ɗaure kaya sai akuyata ta yi kuka, ya leƙo.

"Uwar ɗaki, wagga ja ta sayarwa ta?"

Na ce ba ta sayarwa ba ce.

"Ko da keso guda?"

Keso buhun tabarma ne da ake ɗinke wuri a ciki, kayan jaki sosai. Ban taɓa jin an ba da keso a kan akuya ba. Na tsaya bayan zana ina duban Ayashe tana rarrafe, ina lissafin zuci: akuya tana cin guba a daji ta mutu, kura tana ɗauka, ciwon huhu yana share turke cikin kwana uku. Wuri ba ya ciwo, gara ba ta ci, ruwa ba ya narkar da shi. In na aje shi, ranar da yarinyar nan ta kwanta ina da abin kai wa mai magani. Na kwance igiya na miƙa masa, har da ɗan da take shayarwa. Da na haɗa da na zare da ɗan abin da na zo da shi daga gidanmu, keso biyu cur na tura ƙarƙashin gado. In na shiga ɗaki nakan sa ƙafa in taɓa su don in ji sun amsa.

Inna ta dawo ta tarar da turken jar akuya wayam. Ba ta ko sauke kayanta ba.

"Ke ɗiyag ga, ina jar akuya?"

"Na sai da ta, Inna. Zo ki ga abin da anka ba ni."

Na jawo keso da ƙyar na kwance bakinsa, ina jiran ta yi guɗa. Ta zura hannu ta ɗebo, ta bar su sunka zube ta tsakanin yatsunta.

"Wa ya ba ki wanga?"

"Ɗan Mairo."

"Ɗan Mairon da ke ja da ni a kan wuri biyar? Shi ya ba ki keso bai yi gumi ba, ke kuma ba ki tambayi kanki mi ya same shi ba?" Ta zauna bakin gado ta kwance ɗankwalinta. "Ba zarenki ya hau ba, ɗiyata. Wurin na ya sauka. Shara ya rasa inda zai zubar, ya samu ɗakinki."

Ban yarda ba a ranar. Abin da na ga uwata da kakata sun yi ciniki da shi tun ina goye, yaya za a ce ya zama shara don wani ya yi shela a ƙofar maigari?

Da bazara ta kama, sai jikina ya sake. Inna ce ta fara ganewa, ta dube ni ina amai bayan rumbu, ta ƙirga watanni da yatsu, ta yi salati. Ciki ne, da shi maigidana ya tafi ya bar ni, ga Ayashe ko shekara ba ta cika ba. A wajenmu wannan abin kunya ne, kuma abin tsoro, don kowa ya san nonon mai ciki ba a ba yaro. Ranar Inna ta shafa mini maɗaci a nono ta ɗauke yarinyar zuwa ɗakinta. Aka dama kunu, ta ƙi. Aka yi mata ɗura, ta dawo da shi. Kwana huɗu zawo ya kama ta, maɗigarta ta faɗa, wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako. Kukan ma ya daina fita, sai ta buɗe baki kawai. Irin buɗe bakin nan na san shi, na gan shi sau biyu. Inna ta ce abu guda ya rage, madara mai ɗumi daga akuya, safe da yamma, har cikinta ya karɓi hatsi. Awakin gari duk sun ƙafe da rani, masu nonon kuma an sayar an biya haraji.

Matan aure ƙanana ba su zuwa kasuwa a lokacin, sai tsofaffi da 'yan mata. Na ce wa Inna ko za a tsine mini sai na je. Ta dube ni ta ce in lulluɓa da kyau. Munka ari jakin maƙwabci munka ɗora keso biyu, Ayashe a bayana, munka kama hanyar Rabah tun rana ba ta yi zafi ba. Abin da na fara lura da shi tun daga nesa, ƙarar nan babu. A turken awaki na ga wata baƙa mai farin goshi, hantsarta cike. Inna ta taya. Mai akuyar ya ce sule uku, ko dami shida na hatsi. Hatsinmu kuwa in an cire dami shida ba za mu ga damina ba. Inna ta nuna masa keson da ke kan jaki.

"Iya, ki yi mini rai," in ji shi. "In na karɓi wanga, wa zan kai ma? Hakimi ba shi so, mai gishiri ba shi so. Sai dai in ɗauki hayar jaki in kai shi gida in zauna ina kallo."

Na ce, "Baba, duka biyun. Keso biyu a kan akuya guda."

"Ko goma na, ɗiyata. Allah shi ba goyonki lahiya."

Munka bi turken nan kaf, magana guda. Da rana ta take munka fake a wata rumfa inda maƙerin farfaru, mai ƙera azurfa, ke aiki, kusa da shi wani Buzu mai gishiri da ke kan hanyarsa ta zuwa Goronyo, da wani tsoho mai sai da sawaye. Ganin kayanmu ya tayar musu da gardamar da ga alama kullum suke yin ta. Maƙerin ya ɗaga wata tsohuwar dala ta azurfa ya sake ta bisa maƙera ta yi ƙara.

"Kun ji? Wagga ko sarkin da ya buga ta ya mutu, ko garinsu ya ƙone, in na sa ta wuta munduwa za ta hito. Kuɗin da ba a narka su su zama wani abu, amanar banza na."

"Azurhwa!" in ji Buzun. "Kai da ke zuba mata darma in mai ita ya juya baya? Gishiri dai. Sarki shina lasa, raƙumi shina lasa, ba a yi mai algus ba a gane ba."

"Bari damina ta sauka mu ga dukiyar taka tana bin rariya," in ji mai sawaye. "Tufa ita ta. Da ita aka suna, da ita aka aure, da ita aka rufe ka."

"Gara ma da ita taka buɗa baki," maƙerin ya ce, sunka fashe da dariya.

Inna ba ta iya jin gardama ta yi shiru. Ta ce dukansu yunwa ba ta taɓa kama su da kyau ba, in ta kama su za su kawo azurfar da gishirin da tufar su ajiye gaban mai rumbu. Buzun ya ce to ai hatsinta da kaka ƙaiƙayi ne, da bazara zinariya, wa zai yi awo da mudun da ke kumbura yana motsewa? Na kasa haƙuri, na yi magana ta cikin lulluɓi, na ce to shi aninin Nasara mi ke bayansa, tunda ba azurfa ba ne, ba a ci, ba a ɗaurawa? Tsohon nan mai sawaye ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Dogari ke bayansa, ɗiyata. Ran da anka daina tambayarsa da bulala, kya zo ki ga inda za a zuba shi."

Na daɗe ina juya zancen rumfar nan, har yau ban gama ba. Kowannensu ya faɗi gaskiya a kan kayan ɗan'uwansa, ya ɓoye ta a kan nasa. Wuri kuwa da na fi amincewa da shi don ba ya lalacewa, ashe ta wani gefen yake ruɓa: ba wanda ya yi gumi ya noma shi a ƙasarmu, jirage ke zubo shi daga teku ba iyaka, kuma ranar da mutane sunka daina karɓa ba abin da ya iya yi da kansa. Abin da na lura a kasuwar nan shi ne, inda ƙarfe bai kai ba, ba wanda ya jira shela. Mai daddawa tana karɓar mudun hatsi, mai tukwane yana karɓar ɓallin gishiri, mahauci yana karɓar sawaye. Mutane da kansu sunka koma ga abin da in an ƙi shi a hannunka za ka iya ci, ko ka lasa, ko ka ɗaura. In da ni za a tambaya, ni da ban wuce 'yan surorin salla ba, sai in ce a bar kasuwa ta zaɓi abin da za ta jingina kuɗinta a kai, kuma kada ya zama abu guda. Takardun yanzu an ce akwai dukiya a wani ɗaki can birni da ke tsaye a bayansu. Wataƙila akwai. Ni dai ban san wanda ya taɓa kai takarda ƙofar ɗakin nan anka ba shi abin da ke ciki ba.

Da la'asar munka juyo da kayanmu yadda munka je da su. A bakin fadama igiyar keso guda ta tsinke, wuri ya watse a hanya. Na durƙusa ina tattarawa ina kuka, ban ma san dalilin tattarawar ba. Sai ga wata Bafillata ta taso daga kasuwa da ƙoren nono a ka, babbar mace, ta sauke ta kama mini. Can na ga ta daina zubawa cikin keso, tana ware wasu a tafinta. Ashe wurin iri biyu ne, ban taɓa kula ba sai ranar. Akwai manya masu duhun baya, irin da Ɗan Mairo ya jibga mini. Akwai ƙanana farare tas masu santsi, na tun zamanin kakanni, waɗanda sunka zo cikin 'yan kuɗin da na taho da su daga gidanmu.

"Waɗanga na sayarwa na?" ta tambaya.

Inna ta ce, "Mi za ki yi da su, Adda? Sun mutu."

"Ni ba kasuwa za ni kai su ba. Ɗiyata za a kai ɗaki in ruwa ya sauka. Kitso nika so in yi mata da su, in ɗinke mata madaurin ƙorai. Manyan ga ba su kyau, ku riƙe abinku." Sai ta leƙa bayana, ta ɗaga zane ta ga Ayashe. Ta daɗe tana dubanta. "Shanunmu na nan bayan fadama. Kullum da sahe ki kawo mini cikin tafi na hwararen, in cika miki wanga ƙoƙo da madara, da ɗuminta."

Haka munka yi. Da yamma in baje tabarma in juye wuri, ni da Inna muna tsintar farare kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Da asuba in kama hanyar ruga, in dawo da ƙoƙo a rufe da faifai ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Inna ta tafasa, ta bar shi ya huce, ta riƙa ɗiga mata da ludayi. Kwana uku na farko rabi ke komawa. Ran na biyar zawon ya tsaya. Sai dai kowace yamma fararen suna ƙara wuyar samu. Tun muna cika tafi kafin kaji su shiga akurki, har ya zama sai mun juye rabin keso. Adda ba ta taɓa ƙirgawa ba, ta ga tafin yana ramewa ba ta rage madara ba, amma na san hadari na haɗuwa a gabas, kuma da ruwan fari za su tashi su bar fadama ga manoma.

Ranar da abin ya ƙare, guda bakwai na samu cikin keso biyu. Na kai mata a ƙulle a bakin zane. Na tarar sun riga sun kwance bukkoki, an ɗora kaya bisa shanu, maraƙa na gaba. Ta karɓi bakwai ɗin, ta ce yau ba a yi tatsa ba saboda tafiya, ta dafa kaina ta yi mini addu'a da harshensu. Na juyo da ƙoƙo wayam. Hanyar nan da nake yi kafin rana ta ɗaga, ranar har hantsi ya yi ban kai ba, don ƙafata ba ta son isa gida. Ina tafe ina shirya yadda zan roƙi Inna mu fasa rumbu mu ba da dami shidan, in ya so mu ci ganyen tafasa da damina.

Na shiga gida ban yi sallama da ƙarfi ba. Inna tana zaune ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu, akushin ɗumamen tuwon jiya a gabanta. Ayashe na zaune tsakanin ƙafafunta, hannunta guda cikin akushin har wuyan hannu, miyar kuka tun daga goshi har ƙirji. Ta damƙo, rabi ya zube, rabi ya shiga baki, ta haɗiye, ta sake miƙa hannu. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta ɗaga mini yatsa ba ta ko dube ni ba. Munka zuba mata ido har ta gaji don kanta, ta jingina da cikin kakarta tana lasar yatsu.

Sannan Inna ta dubi ƙoƙon da ke hannuna, ta dube ni.

"Aje wanga, ki hau rumbu ki sauko da dami," ta ce. "Daga yau da bakin mutum uku za ki riƙa auna daka."